Maƙoƙon da Ya Kori Zuciyar Lanti

Duk wanda ya san tashar motar Funtuwa ya san Bawa ɗan kamasho, kuma ya san in na ce mashi mota saura mutum ɗaya ta tashi, to ya je ya yi aski ya ci tuwo ya dawo. Na yarda, halina ne. Amma wannan labarin ku cire rabi in kun ga dama, abin da ya rage ma ya isa mutum ya ajiye goron da ke hannunsa. Da ɗan karatun yaƙi da jahilcina na zauna na rubuta shi, saboda masu maƙoƙo da masu zama da su.

Ƙauyenmu yana bayan Bakori, in ka bar titi ka ratsa gonakin auduga. A can maƙoƙo ba ciwo ba ne. Ka tsaya bakin rijiya da safe ka duba mata: wannan nata kamar goriba, wannan kamar lemo, waccan tsohuwa sai ta tallabe nata kafin ta sunkuya. Da mu da Maguzawan unguwar gabas duk ɗaya. Ba a gaishe da mace da jiki saboda shi, ba a fasa aurenta saboda shi. Yarinya ma in wuyanta ya ɗan cika, cewa ake ta fara zama mace.

Lanti matar wana ce, Yaya Isa. Ita ta ƙarasa rainona bayan rasuwar innarmu, amma hakan bai hana ni ce mata matata ba, ita kuma ta ce mani mijin banza. Mace ce mai sanyi ƙwarai. In ta fara ba ka labari da hantsi, sai ka yi azahar a tsakiya ka dawo ka tarar ba ta kai inda aka yi sallama ba. Nata maƙoƙon ɗan madaidaici ne, tun tana budurwa yake zaune, bai taɓa tambayar kowa komai ba.

Tsakiyar damina na je gida na tarar da wata mata daban a ɗakin Lanti. Ta ci tuwonta, ta kankare tukunya, ta zuba wa akushina ido har na tura mata. Ci kamar na 'yan gayya, amma ga ta tana ramewa, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Ana zuba ruwa, kowa ya takure a ɗaki, ita tana tsaye a tsakar gida tana cewa zafi zai kashe ta. In ta ɗebo kunu da ludayi, kafin ya kai baki rabi ya koma ƙasa saboda rawar hannu. Idanu sun firfito kamar ta ga kura, alhali kaza take kallo. Ga faɗa. Ta yi da akuya, ta yi da turmi, ta yi da Yaya, mutumin da ko ƙuda bai iya kora da ƙarfi.

Na ce, "Matata, wa ya taɓa ki in je in kwashe mashi ƙafafu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Bawa, bar wasa. Wani abu ke gudu a ƙirjina. Ko na zauna, shi bai zama."

Na duba, wallahi zanen da ta ɗaura a ƙirji shi kaɗai yake motsi.

Masu ba da shawara kuwa ba a rasa su ba. Goggo Hansai, ƙanwar babanmu, ta ce iska ce, aka yi ta turare har kajin gidan suka fara tari. Liman ya ba da rubutu, aka sha. Wani tsohon Bamaguje abokin babanmu ya kawo saiwa mai ɗaci, ya ce ta gyara mashi mata da yawa. Lanti ta shanye duka, ta nemi tuwo. Ga ciwon kai ya ƙaru, tana cewa kamar ana daka a ƙeyarta.

Da abin ya ƙi, na ce a kawo ta Funtuwa. Na sama masu gaban mota, ita da Yaya, muka je ɗakin shan magani. Layi tun daga baranda har gindin dalbejiya, wanda ya zo da ciwon ido yana jan wanda ya zo da ciwon ƙafa. Sai bayan azahar muka shiga. Lanti ta ja mayafi ta naɗe har haɓa, don ba ta taɓa zama gaban baƙon namiji haka ba. Hannu ɗaya kawai ta zuro.

Malamin asibitin ya ɗaura mata wani ƙyalle a damtse, ya riƙa matsa wata 'yar roba yana hura iska. Akwai wani dogon gilashi a gefensa, da wani ruwa a ciki kamar narkakkiyar dalma. Ruwan nan ya yi ta hawa, na ce yau sai ya fasa rufi. Malamin ya cire tabarau ya goge, ya sake gwadawa.

Ya ce, "Jininta ya hau ƙwarai. Ban da wannan, akwai wani abu da ke damunta a jiki? Kumburi ko wani ciwo?"

Yaya ya ce, "Babu, Malam."

Ni ma na ce babu. Lanti ma daga cikin mayafi ta ce babu. Kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Da ya tambaye mu ko tana da kunne, ai da mun yi dariya. Haka maƙoƙo yake a wurinmu. Mutumin ya ba da ƙwayoyi, ya ce a daina sa mata gishiri da kanwa, a bar ta ta huta.

Aka koma gida aka shiga miyar lami. Ƙwayoyin suka riƙa sa ta gyangyaɗi, amma abin da ke gudu a ƙirji bai rage sauri ba. Da sati ya zagayo ya sake zagayowa, Goggo ta ce ai magana ta fito, tunda asibiti da kansu sun ce jini ne ya yi yawa, sai a rage shi. Aka kira Baba Mati wanzami, ya jera mata ƙaho a baya, ya tsaga, ya zuƙe. Jini baƙi ƙirin aka zubar bayan danga, kowa na cewa kun ga mugun abin. Lanti ta tashi jiri ya kwashe ta.

A nan ne Baba Mati ya lura da wuyan. Ya ce maƙoƙon ya ƙara girma, kuma ga shi yana harbawa. Ya ce duk ciwon nan ne ya taru, sai an yi sakiya.

Wanda bai san sakiya ba, ƙarfe ne mai tsini ake sawa a wuta har ya yi ja, a huda kumburi da shi, ruwan ciwo ya tsiyaye. Kada wani ya ce zagin sana'ar nake. Ni kaina an yi mani a gwiwa ina yaro, ga ni ina bin mota a guje. Baba Mati kuwa hannunsa ba ya rawa.

Aka aiko mani, na zo ranar da aka sa, da hantsi. An shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ƙarfe na cikin garwashi, Goggo na fifita. Lanti ta kwanta rigingine, ta ce a yi a gama. Yaya ya riƙe hannuwanta, ni aka ce in riƙe kai, in ɗaga haɓa sama.

Garin gyara riƙo tafin hannuna ya sauka a kan maƙoƙon.

Jama'a, ni ɗan mota ne. Na san yadda ake ji in ka dafa bonet ɗin babbar mota tana tsaye injin na aiki, wannan ƙugin da ke bin hannu har haƙori. Shi na ji a wuyan matar wana. Ba harbawa kawai ba, ƙugi, zirrr, ba tsayawa, ga zafi. Na tuna ranar da wani karen mota ya buɗe lagireto tana tafasa, ruwan ya yi sama ya fi motar tsawo, har yau fuskarsa dabbare-dabbare take.

Na ce, "Baba, dakata. Akwai inji a wuyan nan."

Goggo ta ce, "Ya fara. Ɗan tasha, yau ma ƙaryar ce? Riƙe kai ka rufe mana baki."

Baba Mati ya riga ya zaro ƙarfen, ja wur. Ya ce, "Ɗaga haɓar, yaro, kada ya huce."

Ban taɓa jin haushin bakina irin na ranar ba. Shekara da shekaru ina sayar da ƙarya a tasha ana saye, yau na zo da gaskiya ba mai ko tayawa. Na kamo hannun Yaya da ƙarfi na ɗora a wurin. Na ce, "Kada ka ji tawa. Ji da hannunka."

Yaya ya bar hannunsa a wurin. Ya daɗe. Na ga gumi ya tsattsafo mashi a goshi. Sannan ya ce, a hankali yadda ya saba, "Baba, a mai da ƙarfen wuta."

Baba Mati ya ce, "Isa, ni na yi maka askin suna. Tun ba a haifi wannan ɗan iskan ba nake huda kumburi."

"Na sani, Baba. Ka gafarce ni. Ƙurji ba ya ƙugi. Bari mu kai ta Zariya. In sun gaza, mu dawo gare ka da goronka."

Lanti ta fashe da kuka, tana cewa ku huda ku huta ni ma in huta. Goggo ta yi fushi ta ɗauki buta ta fita. Baba Mati ya tsoma ƙarfen a ruwa, ya yi cuuu, ya naɗe zabirarsa bai yi wa kowa sallama ba.

Ɗan marakin da Yaya ke kiwo shi ya fara tafiya kasuwar Bakori. Muka hau jirgin ƙasa daga Funtuwa, Lanti ta manne da taga tana shan iska, tana cin gyaɗar duk wanda ya zauna kusa. Wani babban asibiti ne can wajen Zariya. Layin Funtuwa ashe wasan yara ne. A can sai ka yi layi kafin a nuna maka layin da za ka bi. Ranar farko ko ƙofar likita ba mu gani ba.

Da muka shiga, likitan wani dogon Ba'indiye ne mai furfura, da wata malamar asibiti mai yi mashi tafinta, wadda Hausarta ta fi tawa. Allah ya saka wa matar nan. Aka ɗaura ƙyalle, ruwan dalma ya haye kamar na Funtuwa. Likita ya kalli idanun Lanti. Ya sa ta miƙa hannuwa, ya ɗora fallen takarda a kai, takarda ta kama rawa kamar ana kiɗa mata. Sai ya yi magana, malamar ta ce, "Baiwar Allah, sauke mayafin."

Lanti ta ƙara ƙanƙamewa. Malamar ta matso ta ce, "Haba 'yar'uwa, mijinki ga shi, wannan kuma tsoho ne, ya haife ki. Wancan mai bakin kuwa in kin ce ya fita, yanzu in kore shi." Lanti ta ɗan yi murmushi ta sauke.

Likita na ganin wuyan ya ɗaga hannu biyu sama. Ya ba ta ruwa ta haɗiya, maƙoƙon ya hau ya sauka. Ya ɗora abin sauraron ƙirjinsa a kai, ya rufe ido. Ni da ba a tambaye ni ba na ce, "A gaya mashi akwai inji." Malamar ta gaya mashi. Maimakon ya kore ni, sai ya cire abin daga kunnensa ya sa a nawa.

Allahu akbar. Kun san ƙarar rafi in ya kawo bayan ruwan sama? Ita ce, fuu, fuu, fuu, a cikin wuyan mutum. Malamar ta ce jini ne ke bi ta wurin da yawa haka. Yaya ya ba da labarin sakiya. Da aka fassara, likita ya zauna a kujera. Ya ce da ƙarfen ya shiga, kafin a ɗaura wa jaki akumari an gama.

Ya tambayi sana'ata, aka ce mota. Ya ce to zan gane. Wai kowane ɗan Adam, da ni da shi da liman, akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaronsa, ƙarama, ba a ganinta. Ita ke gaya wa jiki saurin da zai yi: yadda zuciya za ta buga, yadda abinci zai ƙone, yadda jiki zai yi ɗumi. Ita ce totur. In ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Na yawancin mutane kumburin ne kawai. Na Lanti kuwa ya taka totur har ƙasa ya ƙi ɗagawa. Shi ne cin, shi ne ramar, shi ne zafin da faɗan, shi ne kuma ya tura jini sama. Maganarsa ɗaya ta zauna mani, yadda malamar ta faɗe ta:

"Zuciyarta lafiya lau take. Korar ta ake yi."

Ya ce in an bar ta, wata rana zuciyar za ta gaji da gudu. Ya ƙara da cewa wani kuma tsokar lalaci take yi, mutum ya yi nauyi, ya riƙa jin sanyi da barci, shi ma jininsa na iya hawa. Na fito ina shafa wuyana. Shekarata nawa ina yawo da direba a maƙogwaro ban taɓa yi mashi sannu ba.

Aka ba ta gado. Ba a taɓa ta da wuƙa nan da nan ba, wai sai an lallashi abin tukuna. Ƙwayoyi ƙanana aka fara ba ta, na wuyan, ba na jini ba. Mu kuwa baranda ce gidanmu, mu da sauran masu jinya. Sauron wurin kamar tantabaru, in biyu suka haɗu suna iya juya mutum. Abinci sai ka saya, ruwan zafi sai ka roƙa, likita in ya wuce sai gobe. Yaya ya riƙa zuwa gida yana dawowa, dawar da aka ajiye ta bi maraki, gonarsa kuwa mutanen gari suka yi mashi gayya. Har Maguzawan unguwar gabas sun zo da fartanyunsu, Allah ya biya su.

Amma abin da na gani da idona ya biya ni cizon sauro. Kowace safiya ana ɗaura ƙyallen nan, ni kuma ina leƙe ta taga. Sati na farko ba wani bambanci. Daga nan ruwan dalma ya fara gajiya, yau ya tsaya nan, jibi ya tsaya ƙasa da nan. Ba a zubar da ɗigon jini ko ɗaya ba. An lallashi wuya, jini ya sauko da kansa. Hannu ya daina rawa. Wata rana ta bar saura a kwano, na ɗauka na zagaya da shi ɗakin ina nuna wa mutane.

Da aka kusa aiki, suka koma ba ta wani jan magani da ake ɗigawa a ruwa, ta ce ɗanɗanonsa kamar ta tsotsi tsohuwar ƙusa. Sannan suka ce 'yan'uwa su ba da jini a ajiye. Ku ji fa. Mu mun biya wanzami ya zubar bayan danga, su kuma nan roƙonsa suke a kwalba. Na miƙa hannu ina cika baki, ina cewa su ɗebi na mutum biyu. Na ga allurar, na farka na tarar malamar tana yi mani fifita, Yaya kuma an riga an ɗebi nasa.

Likita ya gaya mana gaskiya kafin a shiga. Ya ce jijiyar murya a jikin abin take, ana iya fitowa lafiya, ana iya fitowa ba magana, ana kuma iya rashin fitowa. Yaya ya ce Allah ne mai yi. Aka tura ta da safe. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, ranar ko gaisuwa aka yi mani sai dai in ɗaga hannu.

Bayan azahar aka fito da ita, wuya a naɗe. Ta buɗe ido wajen la'asar. Muka tsaya a kanta kamar masu jiran wata. Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito. Ya sake motsawa. Yaya ya kai kunnensa.

Ya ɗago, idonsa ya cika. Ya ce, "Ruwa take so."

Muryar ta dawo kaɗan-kaɗan, a dishe, har yau ba ta iya kiran akuya daga nesa. Sun ce sun bar mata 'yar guntuwar tsokar, don ba a rayuwa ba ita. Jinin ya zauna inda ake so, ƙirji ya yi shiru. Idanun ne dai ba su koma duka ba. Suka ce ta riƙa zuwa ana dubawa.

To ga abin da na zauna rubutawa dominsa. Ba kowane maƙoƙo ke kisa ba, ba kuma kowane hawan jini ke fitowa daga wuya ba, likitan da kansa ya faɗa. Amma in mai maƙoƙo ta fara ci tana ramewa, tana jin zafi ana sanyi, hannu na rawa, ƙirji na gudu, ku kai ta asibiti, kuma ku sauke mayafin. In an tambaye ku ko akwai wani abu, ku ce akwai. Kada wanda ya kusanci wurin da ƙarfe. Baba Mati ma da muka dawo ya zo gaisuwa, ya sa aka ba shi labarin rafin nan har sau biyu, sannan ya karɓi goronsa.

Saura abu ɗaya. Ranar sallama, malamar ta nuna mana abin da aka cire, a cikin kwalba da ruwan magani. Na zaci zan ga dodo. Tsoka ce kawai, ja-ja, ba ta fi mangwaro ba. Likita ya so ya ajiye don masu koyo. Yaya ya ce a ba shi haƙuri, jikin mutum ne, ba a barin shi a kan kanta kamar alewa. Cibiya ma binne ta ake. Aka yi ta fassara, likita ya yanki kaɗan, ya ba mu sauran.

Muka zo da ita gida a cikin jirgi, Yaya ya rungume kwalbar a ƙarƙashin riga. Washegari da safe ya yagi farin ƙyalle ya naɗe abin, ya ɗauki fartanya ya nufi bayan ɗaki. Goggo ta biyo mu, Lanti ta fito tana dafa bango, ta zauna a kan turmi. Na buɗe baki in yi wasa, na kalli ɗan ƙunshin nan da ya kusa cinye mace sukutum, wasan ya ƙi zuwa.

Yaya ya haƙa daidai gwiwar hannu, ya yi bismilla, zai saka.

Lanti ta yi gyaran murya. Muka juya. A dishe ta ce, "Malam, ƙara zurfi. Ni na san halinsa."